Idan Baba Ya Sauke Gilashi

Zuwa ga Tartsatsi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta rantse ba za ta ji magani ba.

Na san za ki yi ta juya takardar nan kina neman mai ita. Ni ce Goggonki mai tafireta, wadda ke zama a rumfar bakin ƙofar kotu tana buga wa mutane takardu. Kakana da kakan mahaifinki ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun kina 'yar mitsitsiya, kina yawo a garejin babanki kin kifa hular waldarsa ta rufe ki har kafaɗa. Ranar na ji yana kiranki Tartsatsi, kuma da wannan sunan na riƙe ki.

Baffanki, yayan mahaifinki, shi ya tako har rumfata. Ya ce in kuna waya kuka kike sa masa ki kashe, don haka a rubuta miki, tunda takarda ba a kashe ta. Ni ke bugawa, mai shagon kwafi da ke gefena ta ɗauki hoto ta tura miki ta kwamfuta. In kin ba da amsa ita za ta fitar min.

Kin san ɓarin jikin mahaifinki na dama ya shanye, kin san magana ta ɗauke. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda gidan ya koma, ni kuwa na je na gani. Yana kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon gareji. Yayanki kullum yana kan hanya da tankar man da yake tuƙawa. Maƙwabciya ce ke miƙo abinci, ita ma da nata bakunan. Na tarar an ajiye masa kofin ruwa a gefen dama, gefen da ba ya motsi, tun safe yake kallonsa. A tsakar gareji kuma ga wata ƙofar ƙarfe da ya fara haɗawa, rabi a haɗe rabi a zube, har ta soma tsatsa.

Saƙon Baffanki gajere ne: ki tattara ki dawo ki yi jinyar ubanki. Ni ma, ko da yake bugu aka sa ni ba sa baki ba, ina bayansa. An ce taurari kike karanta. To me kike nema a sama da ya fi mutumin nan da ke kwance?

Ki huta lafiya.
Goggonki mai tafireta

Zuwa ga Goggo,

Wa'alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ni ƙalau nake a jiki. Na tuna ki sarai, ke ce mai jan hannuna idan na taɓa maɓallan tafiretarki.

Maganar kofin nan ta hana ni cin abinci yini guda. Na roƙi Baffa a ɗauko mai jinya, ya ce bare ba zai taɓa jikin ɗan'uwansa ba alhali yana da 'ya. Shi kuma da 'ya'yansa maza ba su iya matsar da kofi daga dama zuwa hagu ba.

Kin yi tambaya, kuma ke ce ta farko a dangi da ta yi, don haka zan amsa. Don Allah ki karanta wa Baba, don na san kunnensa garau yake.

A can nesa akwai gungun taurari, kowane gungu da taurari biliyoyi, kamar gari guda. A tsakiyar wasunsu akwai baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya kusance shi. Abin da yake ja zuwa bakinsa yakan yi zafi ya yi haske, har ya fi hasken taurarin gungun gaba ɗaya. Wannan hasken ake kira kwezar. Matsalar ita ce yana kashe ido, ba a ganin gungun da yake zaune a ciki. Baba ya san wannan: ba a kallon wutar walda da ido tsirara a ga ƙarfen da ake haɗawa, sai an sauke baƙin gilashi. To wasu kwezar ɗin ƙura mai kauri ta lulluɓe su, irin wadda taurari ke zubarwa, ta zama musu baƙin gilashi. Hasken tsakiya ya ragu, sai gidan ya fito. Gidajen nan nake karanta.

Akwai babbar na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin sama, duniya gaba ɗaya na layi a kanta. Na nema, aka ba ni 'yan awoyi, na auna ta kan wani jan ɗigo da kowa ya raina. Hasken ɗigon nan ya yi shekara biliyan goma sha ɗaya yana tafiya kafin ya iso. Da hoton ya fito sai ga gungu biyu suna karo, suna haihuwar sabbin taurari, a wurin da manyan masanan fanninmu suka ce wutar tsakiya ta riga ta ƙone komai.

Ga dokar aikinmu. Wanda aka ba na'urar, ana kulle masa abin da ya hango na shekara guda, shi kaɗai ke gani. Shekara na cika a buɗe wa duniya, wanda ya riga rubutawa nasa ne. Wata uku suka rage min. Da wannan aikin zan kammala digirina, in ya kuɓuce shekaru biyar ɗina sun bi ruwa.

Ba cewa na yi ba zan zo ba. Cewa na yi a ba ni wata uku. Ga hoton nan, a fitar wa Baba.

'Yarki,
Tartsatsi

Zuwa ga Tartsatsi,

Bayan sallama da gaisuwa, muna lafiya. Jikin mahaifinki da sauƙi kaɗan, ya fara riƙe cokali da hagu, ko da yake rabin abincin rigarsa ke ci.

Hotonki ya iso. Gaskiya zan faɗa miki, ni ban ga komai ba sai wani jan tabo kamar inda dutsen guga ya ƙona zane. Na ce wannan ne ya raba yarinya da ubanta? Amma na kai masa. Ya ɗora shi a ƙirji ya daɗe yana kallo, sannan ya sa babban yatsa ya rufe tsakiyar, ya ci gaba da kallon gefe-gefen. Da na zo wurin baƙin gilashi a karatun, ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ban san ko dariya ce ko tari ba, amma na fi zaton dariya.

Kuskurena ɗaya, na karanta Baffanki na zaune. Duk dogon bayanin nan naki layi ɗaya ya tsinta. Ya ce, "Kun ji da bakinta. Abin da ya yi shekara biliyan kaza yana tafiya, shi ne ba zai iya jiran shekara ɗaya ba?" 'Ya'yansa suka kwashe da dariya. Na ce masa ai akwai maganar kullewa da buɗewa. Ya ce in za a buɗe wa duniya to madalla, wani ya ƙarasa, lada na kowa ne. Yanzu duk dangi sun ɗauka, har wadda ba ta san ƙofar gidanku ba tana cewa ke da kanki kin ce abin ba na gaggawa ba ne.

Kada ki ɗauka na koma bayanki. Ina dai rufe rumfa da wuri in biya in juya mahaifinki, don bayansa ya fara saɓulewa, kuma ba zan iya gani in kau da kai ba. Mutum ne mai nauyi, gwiwata ta shaida.

Ga abin da ke tafe. Baffanki ya ce ranar Juma'a zan buga takarda da sunan mahaifinki, a ce shi ke umartarki ki dawo, a dangwala yatsansa a ƙasa. In kika ƙi bayan wannan, ya ce ba shi ba ke, kuma kada wani a dangi ya ƙara amsa sallamarki. Na gaya miki ne don kada ta zo miki a ba-zata.

Goggonki mai tafireta

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Allah ya saka miki da alheri kan juya shi da kike yi, ban da bakin gode miki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, sau uku ina rubutawa ina gogewa don kada rashin kunya ta shiga.

Ki gaya wa Baffa haske yana jira, mutane ne ba sa jira. A wata jami'a akwai wani babban farfesa da ɗalibai cike da ofis da manyan kwamfutoci. Sun san inda na auna na'urar, don wannan ba a ɓoye shi. Ranar da za a buɗe, da safe za su kwashe, abin da ni kaɗai nake kwana ina tashi a kansa su gama shi cikin mako biyu. Ba sata ba ce, doka ce ta ba su. Kuma ba wanda zai tambaya ko mahaifin wadda ta gano wurin yana kwance.

Ofishina ɗan ƙaramin ɗaki ne mu huɗu, tebur na jikin tebur, taga ɗaya mai kallon wurin ajiye kekuna. Na manna hoton Baba a gefen kwamfuta, wanda ya ɗaga hular walda yana murmushi, goshinsa duk gumi. Jiya malamata ta same ni ina kallonsa, ta ce in na ga ba zan iya ba ta miƙa aikin ga abokin karatuna, a sa sunana a baya. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ji na yi kamar ta mare ni. Na buɗe shafin tikitin jirgi na rufe ban san adadi ba.

Tsoro nake ji, Goggo, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron in zauna in rasa shi, ina tsoron in taho ya kalle ni ya gane na bar aiki a rabi saboda shi. Mutumin da ya sayar da janaretansa na biyu ya sa ni a jirgi.

Amma ba zan dawo don Baffa ya kama yatsan marar lafiya ya dangwala ba. Baba bai mutu ba, hankalinsa kuma bai gushe ba. A tambaye shi. In shi ya ce in zo, wallahi ko kwamfutar ba zan tsaya kashewa ba. In Baffa ne, ya riƙe sallamarsa, dama ba da ita nake cin abinci ba.

'Yarki,
Tartsatsi

Zuwa ga Tartsatsi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mahaifinki yana nan yadda yake, ƙurajen bayan sun fara bushewa. Ki zauna da kyau ki ji labarin Juma'a.

Baffanki ya zo da 'ya'yansa biyu da tawadar dangwale, ni kuma na ɗauko tafireta a kan babur kamar yadda aka ce. Na sa takarda, ya fara faɗa ina sauraro: "Ni mahaifinki ina umartarki." Na ce tsaya, Yaya. Shekara da shekaru ina bugu a bakin kotu, ban taɓa buga magana da sunan mutum yana zaune ba a tambaye shi ba, kuma ba da ɗan'uwana zan fara ba. Ya ce wa zai tambaya, marar baki? Na ce ni zan tambaya.

Na durƙusa a gefen hagu na ce, "Ɗan'uwa, yarinyar nan ta bar aikin ta taho, ko ta ƙarasa?" Ya ɗaga hannu yana nuna taga. Muka zaci iska yake so, aka buɗe. Ya ci gaba da nuni, ransa na ɓaci. Sai na bi yatsan da ido har jikin bangon gareji, inda hular waldarsa ke rataye a ƙusa. Na ɗauko na karkaɗe na ba shi. Da hannu ɗaya ya yi ta fama har ya kifa ta a kai. Ya juyo ya kalli Baffanki ido cikin ido, sannan ya kaɗa kai sau ɗaya, gilashin ya sauko ya rufe fuskar.

Ke kin fi ni sanin ma'anar wannan. Duk wanda ya taɓa shiga garejin nan ya san dokar: in ya sauke gilashi ba a kiransa, ko wane ne, ko me ya faru, sai ya kai ƙarshen ɗinkin ƙarfen ya ɗaga da kansa. Yakan ce waldar da aka tsaya a tsakiyarta a nan take karyewa. Marigayiya mahaifiyarki ta sha tsayawa da kwano a hannu har abinci ya huce. Baffanki ma ya sani, don shi kansa ya sha tsayuwar. Duk da haka ranar ya yi magana, ya yi faɗa, ya kira shi da sunan yarinta. Mahaifinki bai ɗaga ba sai da ya ji ƙarar motarsu ta bar layin. Daga nan ya cire, ya ɗora hular a kan hotonki, ya danna da tafin hannu yana kallona.

To kin ji amsarki. Ni kuma na kwaso tabarmata da tafireta na tare a ɗakin mahaifiyarki, masu takardun kotu su biyo ni nan in suna so. Baffanki ya ce na raba zumunci. Na ce zumuncin da bai iya juya marar lafiya ba, ban ga abin rabawa a cikinsa ba.

Yanzu saura ke. Ki kashe wayar nan gaba ɗaya, don ba za su bar ki ki yi aiki ba. Ki ba ni lambar malamarki, ni kaɗai. Kada ki sake rubuto min sai kin gama.

Goggonki mai tafireta

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, na yi kuka har abokan ofis suka fita suka ba ni wuri. Ga lambar malamata a ƙasa. Na gaya mata in kika kira, ko a tsakiyar me nake ta taso ni. Wayar tana cikin aljihun tebur a kashe. Ki ce wa Baba na sauke.

Tartsatsi

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Baba, ya gwiwa, ya ɗawainiya? Shirun nan ya yi min tsawo, amma kullum in na ga malamata ta wuce ba ta tsaya a teburina ba sai in ce alhamdu lillahi.

Na gama. Yau da hantsi na tura rubutun, saura kwanaki kaɗan a buɗe wa duniya. Su farfesa su zo su kwashe, za su tarar an riga an share wurin. Gungun nan biyu na nan kamar yadda na gani tun farko, ƙura ta rufe wutar, gida kuma cike da sabbin taurari. Sunan Baba ne a sama, tunda shi ne sunana na biyu.

Ban kunna waya ba tukuna, ke na fara rubuta wa. Na sayi tikiti, jibi zan taso. Ki ce wa Baba na ɗaga gilashi, ya shirya, don sai ya ji bayanin nan tun daga farko ko yana so ko ba ya so.

'Yarki,
Tartsatsi

Zuwa ga Tartsatsi,

Wa'alaikumus salam. Kada ki kunna wayar sai kin karanta wannan. Ni lafiyata lau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, mahaifinki ya rasu, yau mako biyu ke nan. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Ciwon ne ya sake bugunsa wata safiya ina ba shi shayi. Muka kai shi asibiti, ya kwana biyu. A rana ta farko idonsa biyu, na sunkuya na ce, "In kira ta?" Babu hula a wurin. Ya ɗaga hannun hagu ya shafo daga goshi zuwa haɓa, kamar mai sauke gilashi. Na sake tambaya da yamma, ya sake yi, har da harara. Washegari bai farka ba. Yayanki ya iso a kan lokaci, shi ya riƙe masa kai.

Lambar malamarki tana ɗaure a bakin zanena duk tsawon lokacin. Baffanki ya nema, ya yi lallashi, ya yi zagi a gaban masu gaisuwa. Yayanki ma ya nema yana kuka, wannan ne ya fi min wuya. Ban bayar ba. Da na kira a ranar farko, wataƙila ki same shi da numfashi, wataƙila ba za ki same shi ba, Allah ne masani. Bayan an binne shi kuma na ce kira ba zai tono shi ba, sai dai ya karya abin da ya mutu yana karewa.

Ba neman afuwa nake ba. Shi ya sauke, ni na tsare ƙofa, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. In fushi za ki yi, ki yi da ni, ina da faɗin bayan ɗauka. Kada ki yi da kanki.

Hotonki yana nan ƙarƙashin hular yadda ya bar shi. Baffanki na son kiran masu gwangwan su kwashe ƙarafan gareji, har da ƙofar da bai ƙarasa ba. In kin iso zan tattara tafiretata in ba ki wuri.

Goggonki mai tafireta

Zuwa ga Goggo,

Na karanta. Allah ya jiƙan Baba.

Ban san ko na yafe miki ba, kuma ba zan rubuta ƙarya ba. Wani lokacin in ji kamar in rungume ki, wani lokacin in ji ba na son ganinki. Kwana biyu yana kwance ina nan ina gyara zanen taurari. Wannan zan ɗauke shi har kabarina, ko wa ya ba da izini.

Amma kada ki motsa tafiretarki daga ɗakin nan. Wanda ya juya shi shi ke da wurin zama a gidansa.

Ki gaya wa Baffa duk wanda ya taɓa ƙarfe ɗaya a garejin nan da ni zai yi. Tun ina shekara goma sha biyu Baba ya koya min riƙe sandar walda. Ki sa Yaya ya duba janareta, ya nemo takardar goge tsatsa. Ƙofar nan akwai mai ita, kuma ba za a ce mai walda ya tafi ya bar aiki a rabi ba.

Jirgina zai sauka da safe. Ki bar hular inda take, ni zan ɗauka.

'Yarki,
Tartsatsi